Dogon Hutu: Hanyoyin Samar Wa Ɗaliban Sakandare Horon Fasahar Zane Cikin Rahusa A Yola Da Jimeta

Da zarar an kammala jarrabawar zango na uku aka raba wa ɗalibai sakamako, sai takardun talla su fara bayyana a jikin katangu da turakun wutar lantarki, tun daga Mbamoi da ke cikin garin Yola har zuwa unguwannin Jimeta, kowace tana kiran iyaye su kai 'ya'yansu lesin na hutu. Mafi yawansu na lissafi ne da Turanci da kimiyya, sai kuma kwamfuta. Uban da ke neman inda za a koya wa ɗansa zane ko fenti ko ginin tukwane yakan sha yawo kafin ya ci karo da talla guda, idan kuma ya samu, sau da yawa kuɗin yakan fi ƙarfin aljihunsa.

Alhali kuwa da wuya a rasa aji guda a makarantar sakandare da babu yaro ko yarinyar da ta cika shafukan ƙarshe na littafin rubutunta da zane-zane, ko wanda malamai ke kira ya zana musu taswira a kan allo saboda hannunsa ya fi na kowa faɗawa. Ga irin wannan ɗalibi, hutun kusan makonni shida da ke farawa a ƙarshen Yuli zuwa watan Satumba shi ne lokaci mafi tsawo a shekara da zai iya zama ya koyi abin a hannun wanda ya sani. Idan ya wuce a banza, sai wata shekarar, kuma shekarun babbar sakandare uku ne kacal.

Horo mai araha yana nan a Yola da Jimeta, sai dai ba kasafai yake rataya allon talla ba. Yana hannun malaman makarantu, da ɗaliban manyan makarantu da ke gida hutu, da masu sana'ar hannu da ke zaune a kasuwanni da zaurukan unguwa. Samunsa yana buƙatar iyaye su san ainihin abin da suke saye, su yi lissafin kuɗin tun daga tushe, sannan su san ƙofofin da za su ƙwanƙwasa.

Giɓin da ke cikin aji

A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta tsara, an haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu a cikin darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ake koyarwa daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Da ɗalibi ya shiga babbar sakandare, sai zane ya koma darasin zaɓi. Makarantar da ba ta da malamin fannin ko ɗakin aiki ba ta yi wa ɗalibanta rajistar darasin, ko da kuwa akwai masu so.

Inda ake koyar da shi ma, mintoci arba'in na darasi ba su isa a shimfiɗa takarda, a haɗa launi, a yi aiki, a wanke buroshi ba. Saboda haka sai darasin ya karkata zuwa kwafar bayani daga allo, ɗalibi ya haddace sunayen launuka da ma'anar layi, amma hannunsa bai saba da komai ba.

Jarrabawar zane ta hukumomin WAEC da NECO kuwa ba ta tsaya ga rubutu ba. Tana da ɓangaren aikin hannu, inda ake ajiye wa ɗalibi abu a gabansa ya zana shi cikin ƙayyadadden lokaci, a kuma ba shi aikin ƙirƙira ya aiwatar. Hukumar JAMB ma tana da darasin zane a jerin darussan jarrabawar shiga manyan makarantu. Ɗalibin da ke hangen karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Jami'ar Maiduguri, ko sashen tsara kayayyakin masana'antu na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, yana buƙatar hannun da ya saba da aiki tun kafin ya isa can. Haka wanda zai karanta zanen gine-gine ko tsara tufafi. Wannan giɓi ne horon hutu ya kamata ya cike.

Lissafin kuɗi tun daga tushe

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kuɗin da aka rubuta a takardar talla a matsayin duk abin da za a kashe. Kuɗin horo kashi huɗu ne: na rajista da koyarwa, na kayan aiki, na sufuri, da na abin da yaro zai ci idan zaman ya kai azahar. A lokuta da dama na farkon ne mafi ƙanƙanta.

Sufuri shi ne wanda ke cinye kuɗi a ɓoye. Ɗalibin da ke zaune a Mbamoi, aka sa shi ajin da ake yi a Jimeta kwana biyar a mako har tsawon makonni shida, zai yi zuwa da dawowa na kwanaki 30, wato hawan Keke Napep sau 60, idan ma bai sauya keke a hanya ba ke nan. Idan aka mayar da ajin kwana uku a mako, hawan ya koma sau 36. Idan kuwa aka sami malami a inda ƙafa za ta iya kai shi, wannan kashi ya fita daga lissafi baki ɗaya. Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya tashi a ko'ina, don haka aji mai arha da ke nesa yana iya fin aji mai ɗan tsada da ke kusa cin kuɗi.

Kayan aiki su ma sun yi tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023, domin mafi yawan fentin zane da buroshi da takarda mai kauri daga waje ake shigo da su. Ga magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, kuma yana jiran hidimar komawa makaranta a Satumba, kowace naira tana da wurin zuwa. Ya kamata tun kafin a biya a tambaya ƙarara: kayan aiki suna cikin kuɗin, ko kuwa za a kawo jerin abubuwan saye daga baya? Akwai kuɗin riga, ko na takardar shaida, ko na bikin yaye ɗalibai?

Hanya mafi sauƙi ta kwatanta wurare biyu ita ce a haɗa kashi huɗun nan, a raba jimillar da yawan sa'o'in da yaro zai yi yana aiki da hannunsa. Sa'o'in da ya yi yana jiran malami, ko yana kallon yara arba'in suna rububin buroshi goma, ba sa cikin lissafi. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Aji mai ɗalibai takwas da malami ke zagayawa yana gyara wa kowa hannu ya fi riba a kan taron da aka cika ɗaki da shi a kan rabin kuɗin.

Ƙofofin da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa

Ƙofa ta farko ita ce makarantar da yaron yake. Malamin zane, ko na darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a ƙaramar sakandare, shi ya fi kowa sanin matakin da ɗalibin yake da kuma abin da jarrabawa ke nema. Shi ma yana hutu, kuma ya san takwarorinsa a wasu makarantu. Lokacin da ya fi dacewa a yi masa magana shi ne makonni biyu ko uku kafin a rufe makaranta, ba bayan an watse ba. Idan shugaban makaranta ya amince a yi amfani da aji guda da safe, an huta da kuɗin haya.

Ta biyu ita ce matasa masu yi wa ƙasa hidima. Tun da aka kafa shirin NYSC a 1973 ake tura waɗanda suka kammala karatu zuwa makarantu, kuma a cikinsu akan sami waɗanda suka karanta zane ko tsara kayayyaki. Aikin raya al'umma yana cikin abin da shirin ke buƙata daga gare su, saboda haka ƙungiyar iyaye da malamai ko shugabannin unguwa na iya rubuta wa jami'in shirin na ƙaramar hukumar Yola ta Kudu ko Yola ta Arewa su nemi a haɗa su da mai wannan fanni.

Ta uku ita ce manyan makarantu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola tana horar da malaman zane da fasahar hannu, Jami'ar Modibbo Adama kuma tana da ɗalibai masu karatun zanen talla da tufafi da kayan yumɓu. Ba aikin waɗannan makarantu ba ne su buɗe wa 'yan sakandare aji, amma a nan ne masu ilimin suke. Ziyara ɗaya zuwa ofishin shugaban sashe na iya samar da sunan ɗalibin ajin ƙarshe ko wanda ya kammala, mazaunin Yola ko Jimeta, da zai yi farin cikin koyar da yara kaɗan a kan ɗan abin da aka daidaita. Shaidar malaminsa a kansa kuma ta fi kowace takardar talla nauyi.

Ta huɗu ita ce gidajen tarihi. Akwai gidan tarihi na Fadar Fombina a fadar Lamiɗon Adamawa da ke cikin garin Yola, akwai kuma gidan tarihi na ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A duk duniya, zama gaban kayan tarihi da fensir da takarda tsohuwar hanya ce ta koyon zane. Malami na iya neman izinin jami'an wurin ya kai ɗalibansa su zauna su zana abin da suka gani. Hukumar Raya Al'adu ta Jihar Adamawa ma wuri ne da ya cancanci a leƙa, domin ma'aikatanta sun san masu fasahar da ke aiki a jihar.

Ga waɗanda suka riga suka rubuta jarrabawar kammala sakandare suna jiran gurbin karatu, akwai Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, wadda ke tura matasa koyon sana'a a hannun ƙwararru. An tsara shirye-shiryenta ne domin waɗanda suka bar makaranta, ba waɗanda za su koma aji a Satumba ba, kuma ana buɗe rajista ne lokaci zuwa lokaci, don haka sai an riƙa bibiyar ofishinta na jiha.

Akwai cibiyoyin da suka yi suna a ƙasar nan, kamar wadda Nike Davies-Okundaye ta buɗe a Oshogbo a 1983 tana koyar da rini da saƙa kyauta, da taron horo na shekara-shekara da Bruce Onobrakpeya ya fara a Agbarha-Otor ta Jihar Delta a 1998. Amma ga ɗan shekara 15 daga Yola, kuɗin mota da masauki da haɗarin doguwar tafiya sun rinjayi amfanin. Waɗannan wuraren buri ne na gaba.

Makarantar da ke bakin kasuwa

Fasaha ba ta tsaya ga fenti a kan takarda ba, kuma Adamawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An san matan Fulani da ƙawata ƙwarya, an san al'ummar Ga'anda ta yankin Gombi da zanen ƙwarya da wuta da kuma ginin tukwane, an san Verre da ke kudu da Yola da zubin tagulla. Duwatsun Sukur da ke Madagali, waɗanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Najeriya, shaida ce ta gwanintar gini da dutse. A cikin gari kuwa akwai masu ɗinkin hula da aikin wuyan riga, da dukawa, da masu rini, da masu zanen lalle, da masu rubuta allunan shaguna da buga rubutu a kan riguna, da masu ɗaukar hoto.

Duk waɗannan suna aiki ne da abubuwan da ake koyarwa a ajin zane: layi, da siffa, da daidaito, da maimaita tsari, da dacewar launuka. Yarinyar da ta yi makonni shida tana fitar da zanen hula a kan yadi ta fahimci tsarin zanen tufafi da hannunta. Yaron da ya zauna wurin mai rubuta alluna a Jimeta ya koyi auna haruffa da tazarar da ke tsakaninsu, wanda shi ne tushen zanen talla ko da a kwamfuta za a yi shi.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta koyi ginin tukwane ne tun tana yarinya a hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata a ƙauyensu. Sai a 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin Abuja na wancan lokaci, wanda yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko da aka ɗauka. Gwanintar da ta kai ta baje koli a Turai da Amurka a gida aka dasa ta.

Koyo a wurin mai sana'a shi ne mafi araha, wani lokaci ma ɗan abin goro ne kawai. Amma yana da tasa matsalar: ɗan koyo na iya ƙare hutunsa yana shara da zuwa aike bai taɓa kayan aiki ba. Maganin wannan shi ne uba ko uwa su je da kansu, su bayyana wa mai sana'ar cewa yaron ɗalibi ne da zai koma makaranta, a daidaita kwanaki da sa'o'i, a kuma ambaci abin da ake so ya iya yi da hannunsa kafin hutu ya ƙare, kamar hula ɗaya cikakkiya ko allo ɗaya da ya rubuta daga farko zuwa ƙarshe. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa yaron da bai kai shekara 16 ba, iyayensa ko mai riƙonsa ne ke ƙulla masa yarjejeniyar koyon sana'a, tare da amincewarsa. Ko da yake zaman makonni shida bai kai a kira shi cikakkiyar yarjejeniya ba, manufar dokar ta shafe shi: yaro ya je koyo ne, ba aikatau ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Hanyar da ta fi rage wa kowa nauyi ita ce iyaye shida zuwa goma na unguwa guda su haɗa kai su ɗauki malami ɗaya. Kuɗin malamin ya rabu, sufuri ya koma na mutum guda maimakon na yara goma, a kuma sayi kayan aiki a dunƙule a kasuwar Jimeta a kan farashin sari. Wurin zama na iya zama ajin makarantar firamare, ko na Islamiyya a lokacin da ba a karatu, ko ɗakin taro na coci, ko zauren wani daga cikin iyayen. Abin da ake buƙata shi ne haske, da tabarma ko benci, da ruwan wanke hannu.

Tarihin fasaha a Najeriya ya nuna cewa irin wannan ƙaramin zama yana iya haifar da babban abu. A 1964, a kulob ɗin Mbari Mbayo da ke Oshogbo, Georgina Beier ta jagoranci wani horo na 'yan kwanaki ga matasan da ba su taɓa shiga makarantar zane ba. Daga cikinsu aka sami Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, waɗanda ayyukansu suka zagaya duniya. Abin lura shi ne ba 'yan kwanakin ne kaɗai suka yi aikin ba. Bayan an tashi, an ci gaba da ba waɗanda suka nuna hazaƙa wurin aiki da kayan aiki, ana duba abin da suke yi. Saboda haka yana da kyau a yarjejeniyar da za a yi da malami a sa zama ɗaya a wata, ranar Asabar, bayan an koma makaranta.

Kayan aiki ba sai na kanti ba

Mai fara koyo ba ya buƙatar akwatin fenti mai launi 24. Makonni biyu ko uku na farko na zane ne zalla, kuma fensir uku sun isa: HB domin fitar da siffa, 2B da 6B domin inuwa, sai magogi da reza. Takardar buga takardu ta ofis, ko bayan tsohuwar kalanda, ko kwalin da aka warware, duk suna ɗaukar zane. Gawayi mai laushi daga murhu kayan zane ne da manyan masu fasaha ke amfani da irinsa.

Idan aka zo ga launi, ja da shuɗi da rawaya, tare da fari da baƙi, su ne tushe. Shuɗi da rawaya suna ba da kore, ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, ja da shuɗi suna ba da shunayya. Ɗalibin da aka tilasta wa haɗa launukansa da kansa ya fi wanda aka saya wa kowane launi a kwalba fahimtar aikin. Akwai kuma launukan gida da aka daɗe ana aiki da su: jar ƙasa, da farar ƙasa, da baba, da lalle, da karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, da tawadar allo da ake haɗawa da ƙaro. Tsohuwar jarida da kokon sitati sun isa a gina siffofi masu tsayuwa da kansu.

Sai dai dogon hutu a nan yana faɗawa ne a tsakiyar damina, kuma wannan yana shafar zaɓin. Yumɓu ba ya bushewa da wuri a watan Agusta, shi ya sa magina tukwane suka fi aiki da rani. Takarda tana shan laima idan ba a adana ta a leda ba. Zane da ɗinki da rubutun alluna sun fi dacewa da wannan lokaci. Haka kuma gidajen da ke noma suna buƙatar hannun 'ya'yansu, don haka kwana uku a mako ya fi yiwuwa a kan kwana biyar.

Wayar hannu ma tana da nata amfanin. Akwai darussan zane kyauta masu yawa a YouTube, akwai manhajojin kwamfuta irin su Krita da Inkscape da ake saukewa ba tare da biyan ko kwabo ba. Sauke darasi sau ɗaya a kalle shi tare ya fi sauƙin data a kan kowa ya kalla a gidansu. Amma bidiyo ba ya ganin kuskuren mai kallo. Yana taimaka wa malami ne, ba ya maye gurbinsa.

Damuwar iyaye

Wasu iyaye Musulmi suna ɗari-ɗari da darasin zane saboda batun zana masu rai, wanda malamai suka yi bayanai a kansa. Wannan lamari ne da kowane gida zai yanke wa kansa hukunci, kuma ya dace a gaya wa malamin tun farko. Fagen yana da faɗin da ɗalibi zai iya shekaru yana koyo a kan itatuwa, da gine-gine, da ƙore da tukwane, da tsarin tufafi, da rubutun Larabci mai ado, da zayyanar da alarammomi ke yi wa allo da Alƙur'ani. Ibrahim El-Salahi, ɗan Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, wanda mahaifinsa malamin makarantar allo ne, ya sa rubutun Larabci ya zama ginshiƙin fasaharsa, har gidan baje kolin Tate Modern da ke Landan ya shirya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa a 2013.

Batun tsaro kuwa ya shafi kowa. Gani ya kori ji: kada a biya kuɗi sai an je wurin, an ga malamin, an ga ayyukan da ya yi da hannunsa da na ɗaliban da ya taɓa koyarwa. A tabbatar ana zaman ne a fili inda manya ke shige da fice, ba a ɗakin da ake rufewa ba, kuma ga 'yan mata a nemi malama, ko a sa wata uwa ta riƙa zama tare da su. A tsayar da lokacin tashi, a san wanda zai raka ƙanana gida. A watannin Agusta da Satumba ne kogin Binuwai ke cika, kuma mazauna Yola ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 da wadda ta afka wa wasu unguwannin Yola ta Kudu a ƙarshen Yulin 2025 ba. Wurin da sai an tsallaka kwari ko magudanar ruwa kafin a kai gare shi bai dace da yara a wannan lokaci ba.

A kuma yi hattara da tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna neman kuɗin fom a asusun wani mutum, tare da alƙawarin tallafin karatu a ƙasar waje ko kyautar gasa. Shirin gaskiya yana da wurin da za a je a same shi, da mutumin da za a yi wa tambaya ido da ido. Takardar shaidar halartar lesin na hutu, komai kyan bugunta, ba ta cikin sharuɗɗan shiga jami'a ko kwaleji. Abin da ake dubawa shi ne sakamakon jarrabawar kammala sakandare da makin JAMB, kuma darussan da kowace makaranta ke nema suna cikin kundin bayanai na hukumar, wanda ya kamata ɗalibi ya duba tun yana aji ɗaya na babbar sakandare.

Abin da za a gani a watan Satumba

Ma'aunin horon shi ne abin da yaro ya dawo da shi gida. Tun ranar farko a sa shi ya zana abu ɗaya da aka ajiye a gabansa, kamar buta ko takalmi, a rubuta kwanan wata a adana. A ranar ƙarshe ya sake zana abin nan. Idan aka jera takardun biyu, ko wanda bai san komai a zane ba zai gane ko an ci riba: siffar ta daidaita ko ba ta daidaita ba, inuwa ta fito da nauyin abin ko ba ta fito ba.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu, ɗalibin da ya yi zama 18 ya kamata ya tara ayyuka goma ko fiye da ya kammala, kowanne da kwanan watansa, a cikin jakar kwali da ya yi da kansa. Wannan jaka ita zai nuna wa malaminsa a sabon zango, ita zai nuna wa mai shagon da zai ba shi aikin farko, ita kuma zai ɗora a kai a hutu mai zuwa. Iyayen da suka haɗa kai na iya rataye ayyukan a igiya a cikin ajin da aka yi zaman, ranar Asabar ta ƙarshe kafin komawa makaranta, su gayyaci maƙwabta su zo su gani. Daga cikin masu kallon ne ake samun iyayen da za su shiga haɗin a shekara mai zuwa, kuɗin kowa ya ƙara sauka.